Teburin aiki a garejin gida: wane tsayi ya dace da kai?

Akwai tsayi guda da ya dace da kowa?

Babu. Yawancin teburan aiki tsayinsu na tsakanin inci 34 zuwa 38, wato santimita 86 zuwa 97, kuma kafinta da dama inci 36 suke yankawa idan ba ka ce musu komai ba. To amma dogon mutum da gajere ba za su tsaya a gaban tebur ɗaya su ji daɗi iri ɗaya ba. Tebur ya yi ƙasa, ka wuni a sunkuye, da yamma ƙugu ya riƙe. Ya yi sama kuma, kafaɗu su ɗage, wuya ya sage. Jikinka ne ma'aunin, shi da irin aikin da za ka riƙa yi.

To yaya zan auna?

Sa takalmin da ka saba aiki da shi, ka tsaya daidai inda teburin zai zauna. Lanƙwasa hannu kamar za ka gaisa da wani, wani ya auna maka daga ƙasa zuwa gwiwar hannu. Wannan lambar ita ce tushe.

Aikin da ke son ido kusa, kamar gyaran waya, rediyo ko ƙananan kayan lantarki, sai fuskar tebur ta ɗara gwiwar hannu da kamar santimita 5. Aiki mara nauyi, irin kwance kabureta ko haɗa ƙananan kaya, a sauko santimita 5 zuwa 10. Aikin ƙarfi kuwa, na zarto da guduma da kankare katako, a sauko santimita 20 zuwa 40, domin a nan da nauyin jiki ake danna aiki. Masu aikin katako suna da wata hanya mai sauƙi: ka saki hannu ya sauka a gefenka, inda wuyan hannu ya tsaya nan ne fuskar tebur.

Idan za ka ɗaura bais, wato ƙarfen da ke matse abin da ake aiki a kansa, tuna cewa yana ƙara tsayi. Mai goge ƙarfe ya fi jin daɗi idan bakin bais ɗin ya zo daidai gwiwar hannunsa.

Zan iya gwadawa kafin a yanka katako?

Wannan ne matakin da na fi so kowa ya bi, kuma ba ya cin ko sisi. Bulo mai inci 9 guda huɗu, idan aka ɗora su, sun kai santimita 90. Jera su gefe biyu, ka ɗora falanki, ka yi aikin gaske a kai na ɗan lokaci. Kana sunkuyawa? Sa ɗan katako a ƙarƙashin falankin. Gwiwar hannu na ɗagawa? Cire bulo ɗaya ka cike da katako. Idan har kana shakka, a bar ƙafafun da ɗan tsawo, domin ragewa da zarto aikin minti kaɗan ne, ƙari kuwa ba ya yin ƙwari.

Kuma wajen yanka ƙafafu a cire kaurin saman tebur daga lissafi, haka ma tayoyi idan za a sa. Nan mutane da yawa suke tafka kuskure.

Faɗi da tsawo fa?

Ƙafa biyu, wato santimita 60, ya isa, musamman idan teburin zai jingina da bango, don hannunka ya kai ƙarshensa. Filawud ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8. A tsaga shi biyu ta tsawo, a haɗa ɓangarorin da gam da sukuru, an samu sama mai kauri. Kafin ka tsayar da tsawo, shigo da motar ka buɗe ƙofofinta, ka ga filin da ya rage.

Wane katako zan saya?

Tu-bai-fo, wato katako mai inci 2 da inci 4, ya wadatar ga firam, a haɗa biyu-biyu a ƙafafu. Filawud mai kaurin milimita 18 a sama. Abin da ya fi sunan icen muhimmanci shi ne ya bushe, domin ɗanyen katako yana murɗewa idan hunturu ya shigo, teburin ya fara rawa. A shafa maganin gara a gindin ƙafafu tun kafin a haɗa.

Me ke hana tebur girgiɗi?

Sanduna na ƙasa da ke haɗa ƙafafu, da kuma ɗan filawud a baya ko katako a gicciye. A yi amfani da sukuru ko noti maimakon ƙusa, wadda bugu ke sassautawa. Shimfiɗa katako a kan sandunan ƙasan ka ajiye kaya masu nauyi, teburin zai ƙara zama daram. Daɓen gareji sau da yawa yana gangarawa wajen ƙofa saboda ruwa, don haka ɗora lebur, wato ma'aunin daidaito na magina, a kan teburin, ka cusa siririn katako a ƙarƙashin ƙafar da ta yi ƙasa.