Muhawarar hana amfani da ledar cefane

Muhawarar hana amfani da ledar cefane ja-in-ja ce da ake yi a ƙasashe da dama tun farkon shekarun 2000, a kan siririyar ledar da mai shago ko mai tebur yake zuba wa mai saye kaya a ciki. Wasu na ganin a haramta ta, wasu na cewa a ɗora mata haraji, wasu kuma na cewa a bar ta a gyara harkar kwashe shara. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa zuwa tsakiyar 2018 ƙasashe 127 suna da wata doka da ta shafi leda. Dokokin sun sha bamban ƙwarai, haka ma dalilan kafa su, domin ɓarnar da leda ke yi a garin da babu mai kwashe shara daban take da wadda take yi a inda ake kwashewa.

Asalin ledar

Ana yin leda da foliyetilin, nau'in robar da ake samu daga ɗanyen mai ko iskar gas. An gano hanyar sarrafa shi bisa tsautsayi a 1933, a masana'antar kamfanin ICI da ke Northwich a Ingila, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Birtaniya sun yi amfani da shi wajen lulluɓe wayoyin na'urorin hango jirage. Ledar mai hannu biyu da aka sani a yau aikin wani injiniya ne ɗan ƙasar Suwidin, Sten Gustaf Thulin, wanda kamfanin Celloplast ya yi wa ƙirarsa rajista a 1965. Dabarar mai sauƙi ce: a yi doguwar roba mai kamar bututu, a liƙe gindinta, a yanke hannuwa a sama.

A wancan zamani jakar takarda ce ake kuka da ita saboda saran itatuwa. Ɗan Thulin ya shaida wa BBC a 2019 cewa mahaifinsa kullum yana yawo da leda a ninke cikin aljihu, domin ya ƙera ta ne a riƙa maimaita amfani da ita. Araharta ce ta sauya wannan niyya. Leda ta mamaye shagunan Turai a shekarun 1970, sannan a 1982 manyan kantunan Amurka biyu, Kroger da Safeway, suka koma gare ta.

A ƙasar Hausa leda ta yaɗu ne kusan daga shekarun 1980. Kafin nan da kwando ko ƙwarya ko kwano ake zuwa cefane, mai sayen man gyaɗa ya tafi da kwalbarsa, a ƙunshe tsire a takarda, goro kuma a ganye. Yau koko, ƙosai, awara, manja, har kalanzir duk a leda ake ƙulla su.

Dalilan masu neman a hana

Hujja mafi ƙarfi a ƙasashe masu tasowa ita ce toshewar magudanan ruwa. Leda ba ta ruɓewa. Rana da iska suna ɓarɓasa ta ne kawai ta zama ƙanana. Idan ta cika kwata, ruwan damina ya rasa hanya ya shiga gidaje, wanda ya kwanta kuma ya zama matattarar sauro.

Hujja ta biyu dabbobi ne. Akuya, tunkiya da saniya suna cin leda a bola saboda ƙanshin abincin da ya rage a jikinta. Ba ta narkewa a tumbi, sai ta dunƙule ta cika wurin, dabbar ta daina cin abinci ta rame har ta mutu. Mahauta a garuruwan Sahel sun saba ciro irin wannan dunƙule idan sun fede dabba. Wannan asara ta fi faɗa wa talaka mai akuya biyu ko uku da yake kiwo a cikin gari, wanda bai da hannu a ƙera ledar kuma babu mai biyansa diyya. Lokacin da Muritaniya ta haramta leda a 2013, mutuwar shanu da tumaki a birnin Nuwakshot na cikin dalilan da hukumomi suka bayar.

Ana kuma ambaton ledar da ke shiga teku ta kashe kunkuru da tsuntsaye, da wadda ke binnewa a gona ta hana ruwa ratsa ƙasa, da hayaƙin da ake shaƙa idan an ƙona juji.

Dokokin farko

Bangaladash ce aka fi ambata a matsayin ƙasar da ta fara haramta siririyar leda, a 2002, bayan an alaƙanta munin ambaliyar 1988 da ta 1998 da toshewar magudanan birnin Dhaka. A shekarar ce Ireland ta bi wata hanya: ta sa harajin santi 15 a kan kowace leda, kuma amfani da ita ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. An ƙara harajin zuwa santi 22 a 2007. Waɗannan hanyoyi biyu, haramci da haraji, su sauran ƙasashe suka riƙa zaɓa a tsakani. Afirka ta Kudu ta haɗa su a 2003 da 2004, Sin ta hana mafi siririyar leda a 2008, Ingila kuma ta sa kuɗin fenni 5 a watan Oktoban 2015 ta ninka shi a 2021.

Afirka

Ƙasashen Afirka fiye da 30 suna da dokar hana leda, amma kaɗan ne suka aiwatar da ita sosai. Ruwanda ta kafa tata a 2008, ana kuma ƙwace leda daga hannun matafiya a filin jirgin Kigali da kan iyakoki. Kenya ta yi yunƙuri a 2007 da 2011 bai yi nasara ba, sai a ranar 28 ga Agustan 2017 dokarta ta fara aiki, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara huɗu ko tarar shilin miliyan huɗu. Titunan Nairobi sun yi sauƙin leda, sai dai fasa-ƙwaurinta daga maƙwabta bai tsaya ba. Tanzaniya ta bi sahu a Yunin 2019.

Kamaru ta fara aiki da haramcin siririyar leda a 2014, a shekarar da Nijar ita ma ta kafa dokar hana ƙerawa, shigowa da sayar da ita. A Cadi hukumar birnin Njamena ta matsa a kan batun wajen 2010. A duk ƙasashen uku ana ci gaba da ganin leda a kasuwanni, kuma iyakarsu da Najeriya, inda ake ƙera ta da yawa, na cikin abin da ke wahalar da dokar.

A Najeriya Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin hana leda a Mayun 2019, amma bai zama doka ba. Jihar Legas ta haramta takeaway na kumfa a Janairun 2024, ta kuma fara tilasta hana wasu robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya, ciki har da siririyar leda, daga 1 ga Yulin 2025. Ledar ruwan sha ba ta cikin haramcin.

Hujjojin masu adawa

Masana'antun roba suna kafa hujja da ayyukan yi da za a rasa. Ƙananan 'yan kasuwa kuma suna tambayar da me za su ƙulla garin naira ɗari ko cokalin manja. Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma dokoki da yawa sun faɗi ne saboda an kafa su ba a tanadi amsarta ba.

Hujjar da ta fi ɗaukar hankalin masana ita ce ta lissafin abin da kowace jaka ke ci kafin ta iso hannun mai saye. Siririyar leda ba ta cin kaya ko makamashi mai yawa wajen ƙerawa. Binciken hukumar muhalli ta Ingila na 2011 ya ce, ta fuskar ɗumamar yanayi, sai an yi amfani da jakar takarda sau 3, jakar roba mai kauri mai kama da yadi sau 11, ta auduga kuma sau 131 kafin su yi daidai da leda ɗaya da aka yar. Wani binciken ƙasar Denmark na 2018, da ya haɗa da sauran illolin noman auduga, ya kai adadin zuwa dubbai. Masu goyon bayan haramci suna nuna cewa waɗannan lissafe-lissafe sun ɗauka cewa ledar tana ƙarewa ne a wurin zubar da shara ko ƙona ta bisa tsari, ba su ƙidaya wadda ta toshe kwata ko ta shiga cikin dabba ba. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne amfanin jaka mai ɗorewa yana rataye ne a kan yawan maimaita ta.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ta nuna wata matsalar. Dokarta, wadda masu zaɓe suka tabbatar a Nuwamban 2016, ta bar shaguna su sayar da leda mai kauri a matsayin wadda ake maimaitawa, mutane kuma suka riƙa yar da ita kamar ta da. Wani binciken 2019 ya gano cewa cinikin ƙananan ledojin shara ya ƙaru a inda aka yi haramci, ko da yake jimillar robar da ake amfani da ita ta ragu. A 2024 jihar ta gyara dokar ta hana duk wata ledar zuba kaya a wurin biyan kuɗi daga 2026.

Tsafta

Jakar da ake maimaitawa tana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta idan an sa ɗanyen nama ko kifi ba a wanke ta ba. Wasu jihohin Amurka sun dakatar da haramcinsu na ɗan lokaci a 2020 saboda annobar korona.

Yarjejeniyar duniya

A Maris na 2022, a Nairobi, ƙasashe suka amince a tsara yarjejeniya kan gurɓatar roba. Zaman Busan a Koriya ta Kudu na Disamban 2024 da na Geneva na Agustan 2025 sun tashi ba a cim ma matsaya ba, saboda saɓani kan ko za a taƙaita ƙera robar ne ko a tsaya kan sarrafa shararta.