Kafin ka sa wa jirgin tsere na'urar tamke wayar baya

A jiragen ruwa masu tafiya da iska akwai wayar da ke saukowa daga ƙolin sandar jirgi zuwa bayansa, tana riƙe da sandar kada ta rinjaya gaba. A wasu ƙananan jirage an ɗaure ta da noti mai zare, sai a bakin ruwa ake taɓa ta da sifana. Shi ya sa masu tsere ke sha'awar ƙara mata igiya da 'yan tayoyin da igiyar ke bi, yadda matuƙi zai tamke ko ya sassauta da hannu ɗaya ana cikin tafiya.

Amfanin ba kaɗan ba ne. Idan iska ta yi ƙarfi aka tamke wayar, tsakiyar sandar kan lanƙwasa gaba, babban ƙyallen da ke kama iska ya rage ciki, wayar da ke riƙe sandar ta gaba ta miƙe, jirgin ya rage kwanciya gefe. Iska ta lafa, sai a sassauta ƙyallen ya sake yin ciki. Wanda ke da wannan a hannunsa ya fi abokin hamayyarsa, kuma nan ne doka ta shigo.

Hukumar World Sailing ce ke fitar da dokokin tsere na duniya, tana sabunta su duk shekara huɗu. Na yanzu na 2025 zuwa 2028 ne. Doka ta 78 ta ɗora wa mai jirgi da wanda ke jagorantarsa nauyin tabbatar da cewa jirgin ya dace da ƙa'idojin ajinsa, wato rukunin jiragen da yake tsere a cikinsa, kuma takardar awonsa ba ta ɓaci ba. Ke nan amsar ko na'urar ta halatta tana cikin kundin ƙa'idojin ajin jirginka.

Ƙa'idojin aji iri biyu ne. Akwai buɗaɗɗu, inda duk abin da ba a hana ba ya halatta. Akwai rufaffu, inda duk abin da ba a ambaci halaccinsa ba haramun ne. Nan mutane suka fi faɗawa rami. Mutum ya karance kundi bai ga inda aka ce kada a sa na'urar ba, sai ya ɗauki shirun a matsayin izini, alhali a rufaffen aji shirun nan hani ne. A ganina tsaurin ya dace, domin a ajin da jirage suke iri ɗaya, kamar J/24, gwanintar matuƙi ake son gwadawa, ba nauyin aljihunsa ba. Ko inda aka yarda da na'urar, kundin na iya ƙayyade yadda za a haɗa ta da iyakar ninkin ƙarfin igiyar.

Doka ta 52 kuma ta ce da ƙarfin ma'aikatan jirgi kaɗai za a sarrafa wayoyi da igiyoyi, don haka na'ura mai batir ba ta shiga sai in ajin ko masu shirya tseren sun sassauta.

Idan kuwa tseren na jirage mabambanta ne, irin tsarin PHRF na Amurka da ke lissafin rangwame da daƙiƙu a kowane mil, duba ko sauyin na cikin waɗanda kwamitin yankinku ya wajabta a sanar da shi. Kafin ka huda jikin jirgi, rubuta wa jami'in awon jiragen ajinku, ka haɗa da zanen abin da kake shirin yi, ka adana amsarsa a rubuce. Wanda aka kai ƙararsa aka same shi da kayan da ba a halatta ba, ana iya soke masa sakamakon tseren.