Tsofaffin gidajen Charleston

Charleston birni ne na bakin teku a jihar Karolina ta Kudu, a kudu maso gabashin Amurka. Ya yi suna saboda tsofaffin gidajensa, waɗanda aka gina akasarinsu daga ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, kuma har yau da mutane a cikin mafi yawansu. Turawan Ingila ne suka kafa garin a 1670 a gaɓar kogin Ashley, suka sa masa suna Charles Town don girmama Sarki Charles na II. Bayan shekara goma suka tashi suka koma zirin ƙasar da ke tsakanin kogin Ashley da kogin Cooper, inda tsohon garin yake yanzu. A 1783 aka mayar da sunan Charleston.

Siffar gidajen ta samo asali ne daga zafi mai sa gumi da ake fama da shi daga Yuni zuwa Satumba, da ƙarancin faɗin filaye, da kuma bauta, wadda ita ce ta kawo kuɗin ginin ta kuma kawo hannun da ya yi shi.

Gida mai faɗin ɗaki ɗaya

Samfurin da aka fi sanin garin da shi mazauna suna kiransa *single house*. Gida ne dogo siriri, mai hawa biyu ko uku, wanda faɗinsa duka ɗaki ɗaya ne. Bai fuskanci titi ba. Siririn gefensa ne ke kallon titi, tsawonsa kuma ya miƙe zuwa cikin fili. A kowane hawa akwai ɗaki biyu, ɗaya ta wajen titi, ɗaya ta ciki, matakala na tsakaninsu. Tun da kowane ɗaki yana da taga ta fiye da ɓangare ɗaya, iska tana shiga ta fita ba tare da bango ya tare ta ba.

A jikin dogon gefen akwai baranda mai ginshiƙai, sau da yawa hawa-hawa, wadda a Charleston ake kira *piazza*. Kusan kullum tana kudu ko yamma da gida, domin ta nan iskar teku ke busowa, ta nan kuma rana ta fi duka da la'asar. Barandar na tare rana kafin ta kai bango, ta bar iska ta wuce. A nan iyali ke shan iska da yamma.

Ƙofar ce ke ruɗa baƙo. Daga titi zai ga ƙofa sosai, da gambu da ado a kanta, ya ɗauka da an buɗe sai falo. Ana buɗewa sai ya ga kansa a ƙarshen baranda, sama a buɗe ta gefe, lambu na hannunsa ɗaya, ainihin ƙofar gidan kuma tana can tsakiyar baranda. Aikinta kusan na zaure ne: mutum ya bar titi, amma bai shiga gida ba tukuna. Silin barandar galibi ana shafa masa shuɗi mai haske, launin da ake dangantawa da al'adar Gullah, jikokin bayin yankin, cewa yana korar fatalwa.

Gidajen suna jere ne duk sun juya gefe guda, don haka bangon arewa na wannan gida yana kallon baranda da lambun maƙwabci. Shi ya sa ba a cika yi wa bangon arewa taga ba, wadda aka yi kuma ba a leƙe ta cikinta. Mutanen garin har suna da suna ga wannan kara, suna ce masa ladabin gefen arewa.

Masu zagaya da 'yan yawon buɗe ido a keken doki sun daɗe suna cewa haraji ne ya sa aka matse gidajen, wai ana biya ne gwargwadon faɗin da ke kallon titi. Masana tarihin gini ba su yarda da wannan labari ba. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne an yanka filayen garin da zurfi, aka riƙa rarraba su suna ƙara sirancewa, ga kuma zafi. Wasu na ƙara tasirin tsibirin Barbados, inda da yawa daga cikin mazaunan farko suka fito.

Manyan gidajen attajirai

Wanda ke da fili da kuɗi yakan gina *double house*, mai fuskantar titi, da ɗaki huɗu a kowane hawa da doguwar hanya a tsakiya. Fitaccen misali shi ne gidan Miles Brewton a titin King, wanda aka gama wajen 1769. Brewton na cikin manyan dillalan bayi na zamaninsa. Sojojin Ingila sun mai da gidan hedkwata lokacin da suka riƙe garin daga 1780, sojojin gwamnatin tarayya ma suka yi haka a 1865, a ƙarshen yaƙin basasar Amurka. Gidan Heyward-Washington na 1772 ya sami rabin sunansa ne daga George Washington, wanda ya sauka a cikinsa a Mayun 1791.

Gidan Nathaniel Russell a titin Meeting, wanda aka gama a 1808, shi ne ya fi jan 'yan kallo, saboda matakalarsa. Tana murɗawa ta hau bene uku ba tare da wani ginshiƙi da ido zai gani ba, kowane tsani na ɗaukar nauyin na samansa. Ɗakunan ma ba siffa ɗaya ba ne: akwai mai kusurwa huɗu daidai, akwai dogo, akwai mai siffar ƙwai.

Kayan gini da magina

Jan bulo da katako ne kayan aikin. Ana toya bulon a gonakin attajirai da ke bakin koguna, kamar Boone Hall, a kawo shi a jirgin ruwa. Da yake yankin ba shi da dutsen gini, akan yaɓe bulon da filasta a ja masa layi ya yi kama da sassaƙaƙƙen dutse. Ga wanda ya matsa kusa da bangon da ba a yaɓe ba, wani lokaci zai ga sawun yatsu a jikin bulo, na bawan da ya ɗaga shi yana ɗanye. Wasu sawun ƙanana ne, na yara.

An ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan Afirka da aka kai Amurka ta Arewa a matsayin bayi ta tashar Charleston suka shiga. Cikinsu har da Umar bn Sa'id, malami daga Futa Toro, yankin kogin Senegal, wanda aka sauke a 1807, ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831. Shinkafa, baba da auduga da bayi suka noma su ne dukiyar garin. A cikin birni kuwa bayi ne birkiloli da kafintoci da maƙera. Iyayengijinsu na ba da hayarsu, hukuma na tilasta musu rataya lambar tagulla mai ɗauke da sana'a da shekara. Ƙirar ƙarfe ta ƙofofi da shinge ta ci gaba a hannun baƙaƙen fata bayan an 'yanta bayi. Maƙerin da ya fi shahara shi ne Philip Simmons, wanda ya rayu daga 1912 zuwa 2009, aikinsa na nan birjik a titunan garin.

Farfajiyar baya

Gidan da ake gani daga titi rabin labari ne. A can ciki akwai madafi a gini dabam, saboda tsoron gobara da zafi, da wurin wanki, da barga, da ɗakin ajiye keken doki. A saman waɗannan ne bayi ke kwana. Doguwar katanga ta kewaye komai, mafita kuma ta gefen baranda take, a kan idon maigida. Bayan 1822, shekarar da aka rataye Denmark Vesey da wasu 34 bisa zargin shirya tawayen bayi, an ƙara wa shingen gidan Brewton tsinin ƙarfe, wanda yake nan har yanzu.

Inda aka fi ganin wannan tsari a cike shi ne gidan Aiken-Rhett na 1820, wanda Gwamna William Aiken ya faɗaɗa daga baya. Masu kula da shi sun zaɓi kada su sabunta shi. Sun bar fenti a ɓaɓɓake, takardar bango a yage, ɗakunan bayi kuma kamar yadda aka same su. A gidaje da dama an riga an haɗe tsohon madafin da babban gida, ko an mai da shi masaukin baƙi na haya, ta yadda asalinsa ya ɓace.

Gobara, girgizar ƙasa da talauci

Gobara ta ci manyan unguwanni a 1740, 1778, 1796, 1838 da 1861, ga ruwan harsasai na yaƙin basasa. Ranar 31 ga Agusta, 1886 girgizar ƙasa ta tsattsage kusan duk ginin bulo a garin. Maimakon rushewa, sai aka zura dogayen sandunan ƙarfe daga bango zuwa bango, aka ɗaure da noti aka jawo ginin ya haɗe. Faifan ƙarfen da ake gani a jikin bangaye, wani zagaye, wani tauraro, bakin waɗannan sanduna ne.

Abin da ya fi kare gidajen shi ne tsiya. Bayan yaƙin basasa garin ya talauce, babu kuɗin rushe tsoho a gina sabo. Akwai maganar da ake yi wa tsofaffin iyalan wancan lokaci, cewa talauci ya hana su fenti, girman kai ya hana su shafa farar ƙasa.

Adanawa

Da motoci suka shigo aka fara rushe gidaje ana kafa gidajen mai, masu kuɗi daga arewacin ƙasar na saye adon katako suna kwashewa. A 1920 Susan Pringle Frost ta kafa ƙungiyar ceto tsofaffin gidaje, wadda ta fara da gidan Joseph Manigault na 1803. A 1931 Charleston ta zama birni na farko a Amurka da ya keɓe unguwar tarihi da doka, da hukumar da sai ta amince kafin a taɓa fuskar gini. A shekarar ce Dorothy Porcher Legge ta sayi wasu lalatattun gidaje a titin East Bay ta yi musu fenti ruwan hoda. Maƙwabta suka bi sahu da launuka iri-iri, jerin gidaje 13 ɗin ya zama Rainbow Row, wato layin bakan gizo. A 1947 aka kafa gidauniyar Historic Charleston, wadda ta riƙa sayen gida ta sayar wa wanda ya yi alkawarin gyara.

Gyaran ya tada farashi, iyalai baƙaƙen fata da dama da suka daɗe a tsohon garin suka rasa wurin zama a cikinsa. Guguwar Hugo ta Satumban 1989 ta yaye rufi da yawa, amma damuwar yanzu ita ce ruwa. Wani ɓangare na garin a kan fadamar da aka cike yake, teku na ƙara hawa, tituna na cika ko babu hadari. Hukumar kula da unguwar tarihi, wadda a da ba ta cika yarda da irin wannan ba, yanzu tana ba da izinin ɗaga tsohon gida ɗungurungum da jak, a gina masa sabon tushe mai tsawo a ƙarƙashinsa.