Yadda sunayen jatan landen ruwan daɗi suka yi ta canja hannu

Lokacin da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya tsara sunayen dabbobi a 1758, bai wahalar da kansa a kan jatan lande ba. Ya haɗa su da ƙaguwa cikin jinsi guda mai suna Cancer, ya kuma jefa su duka a sahun ƙwari. Na bayansa ne suka sha aikin tsincewa: Henri Milne-Edwards ya ware Caridina a 1837, De Haan ya kafa dangin Atyidae a 1849, Spence Bate kuma ya raɗa sunan Macrobrachium, wato mai dogon hannu, a 1868.

Dangi biyu ne suka kwashe mafi yawan na ruwan daɗi, kuma hannu kawai za ka duba ka raba su. 'Yan Atyidae suna da gashi kamar buroshi a bakin yatsu, da shi suke sharo abinci ko su tace shi daga ruwa. 'Yan Palaemonidae kuwa, gidan su Macrobrachium, hannayensu na biyu ne kan girma su zama almakashi, a jikin wani namijin har su fi shi kansa tsawo.

Inda gizo ke saƙar shi ne raba nau'i da nau'i. An daɗe ana dogaro da ƙirga haƙoran da ke kan tsinin goshi, alhali adadinsu kan bambanta ko cikin nau'i ɗaya, hannun namiji kuma yana sauya siffa yayin da yake girma. Sai ka ga dabba ɗaya da suna uku, ko dabbobi uku suna amsa suna ɗaya.

Rigimar da ta fi kowace daɗin ji ita ce ta Macrobrachium rosenbergii, ƙaton da ake kiwo a gonakin ruwa na Asiya. De Man ya ba shi sunan a 1879, bisa samfurin da aka samo daga tsibirin Niyu Gini. A 2007 Daisy Wowor da Peter Ng suka nuna cewa ashe nau'i biyu ne, na gabas da na yamma. Ƙa'ida ta ce suna yana bin samfurin da aka fara bayyana shi da shi, kuma samfurin De Man na gabas ne. Ke nan na yamma, wanda duniya ke kiwo, wanda aka cika takardun bincike da na ciniki da sunansa, ba shi ne mai sunan ba, dole ya koma Macrobrachium dacqueti. Ganin ruɗanin da hakan zai jawo, hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da sunayen dabbobi ta jingine ƙa'idar a 2010, ta bar wa na kiwon sunan da aka san shi da shi. A ganina hukuncin ya yi daidai, ko da yake mai sunan na asali ne aka kora, ya koma M. spinipes.

Ɗan ƙaramin jatan landen nan da masu kiwon kifin ado ke kira Amano bai samu wannan alfarma ba. An saba kiransa Caridina japonica, sai a 2006 aka tabbatar Stimpson ya riga ya sa masa C. multidentata tun 1860, tsohon suna ya karɓe kujerarsa.

Binciken ƙwayoyin gado ya ƙara tono wasu nau'o'in da ido ba ya rabawa. Lokacin da aka tantance halin da jatan landen ruwan daɗi suke ciki a duniya a 2015, nau'i 763 aka lissafa, kuma kusan kashi 28 cikin 100 na waɗanda aka samu isassun bayanai a kansu suna fuskantar barazanar ƙarewa.