Gam na gyaran ƙananan motocin ajiya

Ƙananan motocin ajiya kwafi ne na motocin gaske da ake ƙerawa a ƙanƙance bisa ma'auni, kamar 1:18, 1:24, 1:43 ko 1:64. Motar 1:18 tsawonta kashi ɗaya ne cikin 18 na ta gaske. Dinky Toys ta fara fitowa a Ingila a 1934, Matchbox a 1953, Corgi a 1956, sai Hot Wheels ta kamfanin Mattel a Amurka a 1968. Da fari kayan wasan yara ne, amma yanzu manya ke tara su, suna jerawa cikin akwatin gilashi. Gangar jikin motar ba ta cika lalacewa ba. Abin da ke ɓallewa su ne ƙananan sassa: madubin gefe, waifa, eriya, salansa, fitila da tambarin kamfani. Zaɓen gam ɗin da za a mayar da su ya dogara ne da irin abubuwan da za a haɗa, da kuma ko za a so a sake cirewa wata rana.

Abin da ake mannawa

Yawancin motocin ana zuba gangar jikinsu ne da zamak, wato gaurayen tutiya da alminiyam da jan ƙarfe da ɗan magnesiyam. Kujeru, sitiyari da madubai roba ce mai tauri, gilasai da murfin fitila kuma roba mai garai-garai. Sassan da ke ƙyalli kamar azurfa galibi roba ce da aka lulluɓe da siririn alminiyam. Idan aka ɗiga gam a kan wannan lulluɓi ko a kan fenti, abin da ya kama fatar ce kawai, in ta ɓare sashen ya sake faɗuwa. Shi ya sa ake ɗan kankare daidai wurin haɗin da bakin reza kafin a manna.

Sufa gulu

Sunansa na kimiyya cyanoacrylate. Harry Coover ya fara cin karo da sinadarin a 1942, kamfanin Eastman Kodak ya sa shi a kasuwa a 1958 da sunan Eastman 910. Yana kama ƙarfe da roba cikin daƙiƙoƙi, kuma danshin iska da na saman abin da aka shafa wa ne ke sa shi ya daskare. Saboda haka a busasshen yanayi irin na hunturu yakan ɗauki lokaci fiye da yadda yake yi da damina.

Shi kowa ke fara ɗauka, shi kuma ya fi ɓata motoci. Tururinsa kan sauka a kewayen wurin ya bar farin hazo, musamman a kan gilashi da baƙin fenti, har ya fito da zanen yatsan da ya taɓa wurin. Hazon ya fi tsanani idan gam ya yi yawa, ko aka mayar da motar cikin rufaffen akwati bai gama bushewa ba. Mai ruwa-ruwan yana gudu ya bi tsagar ƙofa ya liƙe ta, don haka mai kaurin ya fi dacewa. Ba a matsa shi kai tsaye daga bututu. Ana ɗiga shi a kan takarda mai santsi, a dangwalo da tsinken sakace, a riƙe sashen da hantsaki a ɗora. Asiton, sinadarin da ke cikin wasu mayukan goge jan farce, yana narkar da shi, sai dai yana cin fenti da roba ma, maganin ya fi cutar ɓarna.

Farin gam

Dangin gam ɗin kafintoci ne da ake kira PVA, ana kuma yin na musamman domin gilasan ƙananan jirage da motoci. Fari ne a kwalba, in ya bushe ya zama garau. Ba ya yin hazo, ba ya cin fenti, rarar da ta fito ana share ta da jiƙaƙƙen auduga. Ba shi da ƙarfi, amma gilashin fitila ko tambari ba shi da wani nauyi, ƙarfin me zai nema? Idan aka ɗora a karkace, ana iya ɓare shi a sake. Ga mota mai daraja da shi ya kamata a fara, sai ya gaza a nemi wani.

Gam mai haɗi biyu

Ifoksi ke nan, irin Araldite da makanikai suka sani: bututu biyu, a kwaɓa daidai wa daida. Akwai mai kamawa cikin minti 5, ko da yake cikakken ƙarfinsa sai bayan sa'o'i. Yana cike giɓi, yana ba da damar gyara zaman sashe, kuma ya fi jure bugu. Ya dace da fiffiken baya, bamba ko ƙafar taya. Wasu ire-irensa kan koma ruwan ɗorawa da tsufa, don haka ba a sa shi a kan gilashi.

Siminti na roba

Kamfanoni irin su Tamiya da Revell ke yin sa domin motocin da ake harhaɗawa da hannu. Yana narkar da fuskar robar polistirin ne, sassan biyu su haɗe su zama ɗaya. Ba ya kama ƙarfe ko kaɗan, kuma ɗigo ɗaya a kan gilashi tabo ne na har abada.

Inda gam kaɗai bai isa ba

Madubin gefe a kan siririn wuya yake tsaye, wurin karayarsa bai fi kan allura ba. Masu gyara kan huda rami na kimanin rabin milimita a ɓangarorin biyu, su zura guntun waya, sannan su sa gam. Wayar ce ke ɗaukar nauyin.

Akwai kuma cutar tutiya, wadda ta fi kama motocin shekarun 1930 zuwa 1950 da aka zuba da ƙarfe mai gurɓacin dalma. Ƙarfen kan kumbura, ya tsattsage, ya dagargaje daga ciki. Gam na iya riƙe gutsattsarin na ɗan lokaci, amma ba ya tsayar da lalacewar.

A wurin masu tarawa, motar da ba a taɓa ba ta fi tsada, musamman in tana tare da kwalinta na asali. Wasu ma sun gwammace su sa ɓallallen sashen a 'yar leda su ajiye gefen motar. Idan an gyara kuma za a sayar, al'adar kasuwar ita ce a faɗa wa mai saye wurin da aka manna da irin gam ɗin da aka sa.