Waiwaye: Garuruwan Hanford da neman abin dogaro bayan kuɗin nukiliya

A kudu maso gabashin jihar Washington ta Amurka, inda kogin Yakima da kogin Snake suke zuba cikin kogin Columbia, akwai garuruwa uku maƙwabtan juna: Richland, Kennewick da Pasco. Mutanen yankin sun haura 300,000, kuma sama da shekara 60 ke nan shugabanninsu suna fama da tambaya guda. Ranar da gwamnatin tarayya ta daina turo kuɗin nukiliya, da me jama'a za su ci abinci?

Abin ya faro a 1943, lokacin da sojojin Amurka suka karɓe fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,500, suka tashi mazauna ƙauyukan Hanford da White Bluffs domin gina masana'antar fulutoniyam, sinadarin haɗa bam ɗin nukiliya, a wurin da ake kira Hanford. Tukunyar nukiliya ta farko, mai suna B, ta fara aiki a 1944, kuma daga nan aka samo sinadarin bam ɗin da aka jefa wa Nagasaki ranar 9 ga Agusta, 1945. Richland ya zama garin gwamnati zalla. Gidaje nata ne, ma'aikata haya suke biya, sai a 1958 garin ya fara mulkin kansa.

Girgiza ta farko ta zo a Janairun 1964, da Shugaba Lyndon Johnson ya sanar da rage samar da fulutoniyam. Daga cikin tukwane tara, an rufe takwas tsakanin 1964 da 1971. 'Yan kasuwar yankin, ciki har da Sam Volpentest, sun hango haka, suka kafa majalisa a 1963, wadda daga baya ta zama TRIDEC, ƙungiyar bunƙasa tattalin arzikin yankin. Da kamfanin General Electric ya janye daga gudanar da wurin, Hukumar Makamashin Atam ta raba kwangilar gida-gida, ta kuma gindaya sharaɗi: duk mai son kaso sai ya zuba jarinsa a wata sana'a daban a yankin. Haka kamfanin mai na Atlantic Richfield ya gina otal da wurin kiwon shanu, cibiyar bincike ta Battelle kuma ta karɓi ɗakin binciken Hanford a 1965. Raunin dabarar a fili yake. Kamfanin da ya kafa sana'a don cika sharaɗin kwangila kawai, hankalinsa yana kan kwangilar, in ta ƙare babu abin da zai riƙe shi. Ɗakin binciken ya ɗore, shi ne PNNL na yau mai dubban ma'aikata, amma shi ma yawancin kuɗinsa daga tarayya suke fitowa.

Yunƙuri na biyu ya fi ciwo. Hukumar lantarki ta WPPSS ta fara gina tashoshin nukiliya biyar a shekarun 1970, uku daga ciki a Hanford. Kuɗin gini ya yi ta ninkawa, kuɗin ruwa ya hau, buƙatar wutar da aka yi hasashe ba ta zo ba. A 1982 aka soke biyu, a 1983 hukumar ta kasa biyan bashin dala biliyan 2.25. Tasha ɗaya tak aka kammala, ta fara ba da wuta a 1984. Dubban magina suka watse, farashin gidaje ya faɗi. A 1987 tukunyar ƙarshe, N, ta tsaya.

Sai dattin da aka tara ya zama sabon abinci. A Mayun 1989 Ma'aikatar Makamashi da Hukumar Kare Muhalli da gwamnatin jihar suka sa hannu kan yarjejeniyar tsabtace wurin. Akwai tankuna 177 a ƙarƙashin ƙasa, ɗauke da sharar nukiliya lita miliyan 200 da ɗoriya. Guda 149 masu bango ɗaya ne, kuma ana zaton sama da 60 sun taɓa yoyo. Maganin da aka tsayar shi ne a haɗa sharar da sinadaran gilashi, a narka a zafin digiri 1,150 na ma'aunin Salshiyas, a zuba a gwangwanayen ƙarfe ta daskare. Aikin tsabtacewar yana cin sama da dala biliyan 2 duk shekara, yana riƙe da ma'aikata fiye da 10,000. Sai dai majalisar dokokin tarayya ce ke amincewa da kuɗin shekara-shekara. An sallami dubbai a tsakiyar shekarun 1990. A 2009 an ƙara kusan dala biliyan 2 daga shirin farfaɗo da tattalin arziki, aka ɗebi sabbin ma'aikata, da kuɗin suka ƙare a 2011 aka sake sallama.

Abin da ya tsaya da ƙafarsa ba daga nukiliya ya fito ba, daga ruwa ya fito. Tun 1952 ake janyo ruwan madatsar Grand Coulee zuwa busassun filayen arewacin Pasco. Ga rana, ga wuta mai arha, ga layin dogo da jiragen ruwa masu kai kaya har teku. Dankalin turawa, albasa, tuffa da inabi suka jawo masana'antun sarrafa abinci irin su Lamb Weston. Waɗannan kuɗinsu daga kasuwa suke zuwa, kuma a ganinmu da wannan ma'auni ya kamata a auna duk wani iƙirarin rage dogaro. Matsalarsu albashi. Aiki a masana'antar dankali ba ya biyan abin da injiniyan Hanford yake samu, don haka ko yawan guraben aiki ya ƙaru, kantuna da masu gidajen haya da asibitoci suna rataye ne da albashin tarayya. Albashin nan mai tsoka kuma yana kwashe ƙwararrun masu walda da masu aikin lantarki daga hannun ƙananan kamfanoni.

Fili ma cikas ne, domin babban yanki na arewacin Richland yana cikin shingen gwamnati. A 2015, bayan shekaru ana bin takardu, aka miƙa wa TRIDEC eka 1,641 na wurin da bai gurɓata ba don kafa masana'antu. Filin bai isa shi kaɗai ba, sai an kai hanya da bututun ruwa da layin wuta mai ƙarfi, kuma wutar yankin ta fara yin kaɗan. Wannan ne ya sake dawo da zancen nukiliya: a Oktoban 2024 Amazon ya sanar da zuba kuɗi a shirin Energy Northwest, wato tsohuwar WPPSS, na gina ƙananan tukwane huɗu ƙirar kamfanin X-energy masu ba da jimillar megawat 320, kusa da tashar nan guda da aka kammala a 1984.