Abinci, motsa jiki da homon ɗin mace: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Wane shayi zan sha ya daidaita min homon?

Babu. Homon sinadari ne da jiki ke samarwa don aika saƙo ga sassansa ta cikin jini. Hanta da ƙoda ne ke kwashe homon ɗin da jiki ya gama amfani da shi, kuma ba sa jiran shayin kowa. Da yawa daga cikin shayin "wanke ciki" maganin sa gudawa ne kawai.

Da gaske ƙiba na taɓa al'ada?

Ƙwarai. Kitsen jiki shi ma yana samar da isturojin, wato homon ɗin mata. Idan kitsen ya taru, musamman a tumbi, jiki kan daina sauraron insulin, wato homon ɗin da ke rage sukari a jini, sai insulin ya yawaita a jini, ya tunzura jakar ƙwai ta fitar da homon irin na maza. Daga nan sai ƙuraje, gashi a haɓa, al'ada tana tsallake wata. Haka ake yawan gani a matsalar da likitoci ke kira PCOS. Kwantar da hankalinki, ba sai kin rame ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki kan isa al'ada ta fara dawowa daidai. Mai kilo 90, kilo 4 da rabi zuwa 9 ke nan.

Waken soya na lalata homon?

A'a. Ki ci abinki.

Motsa jiki nawa ya isa?

Minti 150 zuwa 300 a mako na tafiya da sauri ko makamancinta, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Kada ki raina na biyun: tsoka ce ke zuƙe sukari daga jini.

Na rage cin abinci, ina atisaye kullum, sai al'adata ta ɗauke. In ci gaba ko in daina?

To, nan sai a hankali, domin amsar ba ɗaya ba ce. Fara da gwajin ciki, ko da kina ganin ba zai yiwu ba. Shayarwa, allurar tsarin iyali da kusantar shekarun ɗaukewar al'ada su ma kan tsayar da ita.

Idan ba ko ɗaya, akwai yiwuwar yunwa kika jefa jikinki. Ƙwaƙwalwa na lissafin ƙarfin da ya rage bayan atisaye. Ana auna wannan ƙarfin na abinci da kalori. Idan ya yi ƙasa da kusan kalori 30 a rana ga kowane kilo na nauyin da ba kitse ba, takan rage aika saƙon da ke sa ƙwai ya fito daga jakarsa. Misali, mace mai kilo 60 wadda kilo 45 na jikinta ba kitse ba ne, iyakarta kusan kalori 1,350. In ta ci 1,600 ta ƙone 500, saura 1,100, ta faɗa ƙasa da iyaka. Ba ƙa'ida ce da ta hau kowa daidai ba, wata jikinta kan tsaya tun kafin nan, musamman idan ga damuwa ga rashin barci. Kuma ba sai siririya ba, mai jiki ma takan shiga ciki in ta zabge abinci farat ɗaya.

Kada ki ce hutu kika samu. Isturojin ya yi ƙasa ke nan, ƙashi na zaizayewa a ɓoye. Maganin shi ne ƙara abinci, har da mai sitaci da mai maiƙo, a sassauta atisayen, kuma yakan ɗauki watanni. Jinin da ƙwayar tsarin iyali ke kawowa ba ya nufin an warke.

Amma fa PCOS ma na tsayar da al'ada, ita kuma motsa jiki taimakonta yake yi. Alama ɗaya, magani kishiyar juna. Shi ya sa idan wata 3 suka wuce babu jini, ki je a auna miki homon ɗin tayirod (ƙullin da ke gaban wuya) da furolaktin (homon ɗin ruwan nono) da na maza. Tsakanin kwana 21 zuwa 35 shi ne zagayen al'ada na lafiya.

In daina cin shinkafa da burodi kwata-kwata?

Wa ya ce miki? Lemon kwalba da kayan zaƙi za ki fara yankewa. Sitacin kuma ki haɗa shi da wake, ƙwai, kifi ko ganye, sukari ba zai hau jini da gudu ba. Gishirinki ya zama mai aidin, tayirod ba ya aiki sai da shi.